Yadda kore ya kusa raba ni da sana'ar hoto

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ni mai hoto ne a nan Kumasi, haifaffen Aboabo, kuma abin da zan ba da labari a kai na san wasu za su ce ai wannan ba wani abu bane, toh amma ni shi ne ya kusa fidda ni daga sana'ar da na tashi a cikinta, shi ne kuma daga baya Allah cikin ikonsa ya maida shi hanyar abincina har na yi aure na riƙe iyali da shi. Maganar wanke hoton baƙi da fari ce a firintar inki, ya fito baƙi da fari tsantsa, ba kore-kore ba ja-ja.

Babana Allah ya jiƙan shi tela ne, keke ɗaya gare shi a bakin zaure, mu kuma muna da yawa a gidan, dan haka da na gama JSS ba a ma tada maganar sakandare ba. Kawuna ne ya kama hannuna ya kai ni wajen wani dattijo ɗan Asante mai sutudiyo ta wajen Adum, aka biya kuɗin koyo aka kai kiret ɗin lemu, shikenan na zama yaron Masta. Da farko shara ce da ɗiban ruwa da wankin tire, kyamara ko taɓa ta ba na yi. Ƙarshen shekarun 1990 ne lokacin, hoton kala ya riga ya cinye kasuwa, fim ɗin biki da na suna duk lab, wato gidan wanke hoton kala, ake kaiwa inji ya wanke, amma Masta bai rufe ɗakin duhunsa ba, yana wanke fasfo da tsofaffin hotuna da ake kawowa a sake. Mutum ne mai son tarihin sana'ar, in ya zauna sai ya yi ta ba mu labarin sutudiyon Deo Gratias na unguwar Jamestown a Ankara da aka buɗe tun 1922, da James Barnor mai sutudiyon Ever Young wanda ya dawo daga Ingila ya kafa lab ɗin kala na farko a Ghana wajen 1970, yana faɗi yana girgiza kai, shi dai kala bata taɓa burge shi ba.

A ɗakin nan na koyi kallon hoto. Jan ƙwai ɗaya a sama, inlaja mai haska fim a kan takarda, tire uku, na dibelofa mai fito da hoton da na ruwan tsayarwa da na fiksa mai zaunar da shi, warin fiksa har a rigata, in na koma gida Mma mahaifiyata tace in cire ta a waje kafin in shigo. Duk zamana a ɗakin nan ban taɓa jin wani yace hoto ya yi kore ba. Dalili kuwa takardar azurfa ce a jikinta, inda haske ya buga sosai azurfar ta yi baƙi ƙirin, inda ya buga kaɗan ta yi ruwan toka, abu ɗaya ne ke yin aikin duka tun daga farin rawani har baƙin takalmi. Wata takardar tana ɗan jan ruwan ƙasa, wata tana ɗan jan shuɗi, amma duk inda ta ja haka take ja a hoton gaba ɗaya, ido baya damuwa.

A 2005 Kodak suka sanar sun daina yin takardar baƙi da fari, a shekarar kuma kamfanin AgfaPhoto ya karye, samun takarda da ruwan wanki a Kumasi ya zama sai an sha wuya. Masta ya tsufa, ya sa min albarka ya sallame ni ya koma garinsu. Ni kuma a 2007, shekarar da aka canza kuɗi aka yanke sifiri huɗu, na haɗa susu na, wato adashi, da abin da yayata ta ranta min na dasa kwantena a bakin titi. Kwamfuta hom-yus ɗaya, sikana, da firinta mai kala shida wadda aka ja mata tiyo zuwa tankunan inki a gefe, irin haɗin da kowa ke yi lokacin dan katirij baya sayuwa. Aikin kala kuwa Alhamdulillah yana tafiya, fasfo, hoton Sallah, amare, 'yan saukar karatu. Ko kalar ta ɗan karkace ba mai ganewa, wata ma in fuskarta ta ɗan yi ja murna take.

Amma mu a zango akwai wani aiki da baya ƙarewa, tsofaffin hotuna na cikin adaka. Kakan wani da kakin soja na Gold Coast Regiment wanda aka kai Bama a yaƙin duniya na biyu, fatake 'yan goro da manyan riguna, hoton fasfon hajji na kakar wata, hoton Shehu Ibrahim Inyass da aka yi ta kwafa har fuskar ta fara ɓacewa ana so a sake buga shi babba dan Mauludi. Galibi ƙanana ne basu kai tafin hannu ba, sun yi yalo, kyankyaso ya ci gefe, kuma shi kenan guda ɗaya a duk dangi. Mutanen da suka san ni a wajen Masta sai suka fara kawo min, ni ma ina ganin ai aikina ne, wa ya fi ni sanin baƙi da fari a layin nan.

Wata Hajiya daga Sabon Zango, sa'ar Mma ce, ta zo da hoto naɗe a ɗankwali. Babanta ne, ɗan kasuwar goro, yana zaune a kujera da babbar riga fara da rawani, hannu a gwiwa. A watan Nuwamba 1969 da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasa, ya hau lori zuwa Najeriya yace zai dawo in ƙura ta lafa, ita tana yarinya aka bar ta da uwarta a nan, bai dawo ba, can Allah ya yi masa rasuwa. Tana so a buga hoton babba a yi wa kowa cikin ƙannenta ɗaya. Na zauna a kansa da dare na cire tabo na ɗinke yagewar, na buga, na duba a ƙarƙashin doguwar fitilar shagona na ga ya yi, na sa a firem. Washegari da hantsi sai ga ta ta dawo, bata shigo ba, tace ɗana zo ka gani a waje. Na fito. Wallahi duk inuwar da ke cikin ninkin farar rigar nan kore ce, fuskar ma kore-kore. Tace "Babana baƙi ne mai sheƙi, wannan kuwa ai mara lafiya ka ba ni." Nace Mma Hajiya ku yi haƙuri ku bar min shi zuwa gobe. Na ƙara majenta, inkin nan ja mai ruwan hoda, na sake bugawa, a rana ya yi dama-dama, ta kai gida, da dare suka kunna ƙwan falo sai fuskar ta koma shanshanbale. Bata yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi ya fi min sauƙi, kuɗina ta ba ni cif ta karɓi ɗan ƙaramin hotonta ta naɗe tace in riƙe manyan.

Ba ita kaɗai ba, haka aka yi ta dawo min da aiki, wani ma a gaban mutane yace yaron Masta ashe suna ne kawai. Takarda tana ƙarewa inki yana ƙarewa bashin yayata yana nan. Lokacin kuma samarin unguwa suna ta bin Agadas zuwa Libiya, abokina na ƙuruciya har ya samo min mai sayen kwantenar, saura kaɗan in sa hannu. Mma ce ta hana. Tace ita bata san komai a kan injin ba amma ta san mutum ne ya ƙera shi, in je in nemi wanda ya san cikinsa, hamada kuma bata yafe ba in na shiga. Abokin nawa ya tafi, ya dawo a 2011 da yaƙi ya ɓarke, da jaka ɗaya.

Wanda ya fara buɗe min ido wani makanikin firinta ne a Asafo, inda gidajen buga takardu suka taru, sauran kuma a kafen intanet na tsinta da dare da ɗan turancina na JSS. Makanikin yace ka buɗe hoton a Photoshop ka ɗora abin ɗiban kala a fuskar, na ɗora, ja da kore da shuɗi duk lamba ɗaya, 70 70 70, a rigar 200 200 200, yace to hotonka ba shi da ciwo, ciwon yana tsakanin kwamfuta da takarda. Baƙin inki baƙi ne kawai, baya iya zama ruwan toka. In firinta tana son toka mai haske da baƙi kaɗai sai dai ta warwatsa ɗigo nesa da juna, ɗigon kuma a kan farar takarda ana ganin shi tsaki-tsaki. Dan haka masu ƙera ta suka sa ta riƙa haɗa tokar da sayan, wato shuɗin inki, da majenta da yalo, ɗigo ƙanana masu haske da ba a gani, in ukun nan suka yi daidai wa daida ido ya ga toka. Da ɗaya ya ɗan rinjaya ko ya ɗan gaza shikenan, majenta ta gaza kore ya fito, sayan ya gaza ja ya fito. A hoton kala ido ba shi da abin aunawa, waye ya san ainihin shuɗin rigar, amma toka kowa ya san ta, yaro ma zai gane in an surka ta.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne karkacewar ba iri ɗaya bace a hoton duka. Wajen haske ya ja ruwan hoda, wajen duhu ya ja kore, ka ja silaida ka gyara ɗaya ka ɓata ɗaya. Kuma fatarmu ta baƙaƙe a ɓangaren duhun take zama, daidai inda firinta ke rage kaloli tana shigo da baƙin inki, a mahaɗar nan ne kalar ke yawan juyawa. Shi yasa hoton gini ko na bature zai fito a ce ba laifi, na kakanka da farar riga ya tona maka asiri ta sama da ta ƙasa.

Sai maganar haske, wadda ta sa Hajiya ta ga kore da rana ta ga shanshanbale da dare a takarda ɗaya. Tokar da aka haɗa da kala uku a ƙarƙashin haske iri ɗaya kawai take daidaita, ka canza hasken lissafin ya rushe. Duk matar da ta taɓa haɗa leshi da ɗankwali a cikin rumfa a kasuwar Kejetia ta fito rana ta ga basu shiga ba ta san abin da nake faɗi. Ga shi a 2007 ɗin da ruwan dam ɗin Akosombo mai ba mu wuta ya ja baya gwamnati ta raba ƙwan fitila masu tsimin wuta guda miliyan 6, gidaje suka zama gauraye, wani falon farin ƙwai wani jan ƙwai na da, wani doguwar fuloresan, ni ina zan san inda za a rataye hoton.

Daga nan na daina gwaji da fuskar mutane. Na yi wani tsani na toka a kwamfuta, gida 21 daga fari fat zuwa baƙi ƙirin, kowane gida ya fi na bayansa duhu da kashi 5, shi nake bugawa a ɗan yankin takarda. A tsanin nan ƙarya bata ɓuya, za ka ga daidai gidan da kore ya shiga da gidan da ya fita. Kafin in buga kuma sai na yi nozul cek, gwajin ramukan da ke fesa inki, dan 'yan ramuka kaɗan na majenta in suka toshe, a hoton biki ba za ka lura ba amma a toka kore ne nan take. Na gano wani mai saida min inki yana canza inda yake saro kaya kwalba iri ɗaya ruwa daban, duk cikon tanki sai tsanin ya canza, na bar shi na tsaya a inki ɗaya takarda ɗaya. Na koyi cewa sunan takardar da ka zaɓa a direban firinta, wato manhajar da ke tuƙa ta a kwamfuta, shi ke faɗa mata yawan inkin da za ta zuba, ka sa mata gilosi mai sheƙi ka ce mata mat ce marar sheƙi dole ta karkace. Na koyi kuma cewa in Photoshop ne ke riƙe da kala da furofayil ɗin takardar, wato fayil ɗin awon kalarta, dole ka shiga direba ka kashe nata gyaran, in ba haka ba gyara biyu ya hau kan juna hoton ya fito duhu da ja-ja. Wani abin kuma haƙuri ne kawai, inkin rini yana canza kala yayin da yake bushewa, abin da ka gani yana fitowa daga inji ba shi za ka gani gobe ba, sai na riƙa barin shi ya kwana, da safe in duba a inuwar bakin ƙofa, in sake dubawa a ƙarƙashin farin ƙwai da ja. Na sayi ƙwai kala-kala na jera a bayan shago dan wannan kaɗai, maƙwabcina mai aski yana min dariya wai na buɗe disko.

Mutane da yawa suna zaton in sun danna gireskel, wato baƙi da fari, a direba an gama. A firintoci da dama in takardar hoto ce har yanzu kaloli take haɗawa. Akwai dai waɗanda ke yarda ka tilasta musu baƙin inki kaɗai, na yi aiki da wannan sosai, hoton yana fitowa da ɗan tsaki a goshi da sararin sama, amma masu ɗigo ƙanana sosai a takarda mat in ka riƙe shi nesa da tsawon hannu ba ka gani, ni har yana tuna min da ƙwayar fim. Sai dai shi baƙin rini ɗin ma ba baƙi tsantsa bane, a wata takardar yana jan kore a wata yana jan shuɗi, amma aƙalla iri ɗaya ne daga sama har ƙasa. Wata dabarar kuma ita ce ka riga firintar, ka ɗan zuba wa hoton ruwan ƙasa da gangan, kaɗan ba irin na kalanda ba, ido yana yafe wa ɗumin kala abin da baya yafe wa kore, mutane kuma su ce ai tsohon hoto ne dama. Da wannan na biya yayata bashinta. Amma raina bai kwanta ba dan na san rufa-rufa ce.

Ashe masu ƙera injin su ma sun gane sun koma ga hanyar ɗakin duhu, wato abu ɗaya ya yi aikin. Epson sun saka baƙi mai haske a firintocinsu 2100 da 2200 a 2002, a 2005 suka fito da R2400 mai baƙi hawa uku, baƙi da mai haske da mai haske sosai, da wani sashe a direba na baƙi da fari zalla wanda tokar ke ɗaukar kusan duka aikin, kala ɗan ƙyas kawai ake sawa dan daidaitawa. Canon ma a 2012 suka kawo Pro-100 mai baƙi da toka da toka mai haske. Wani ɗan unguwarmu mai shigo da kayan hom-yus daga Jamus ta tashar jirgin ruwa ta Tema ya samo min tsohuwa irin mai baƙi ukun nan, na saida babur ɗina na karɓa. Tsanin farko da na buga na fita da shi rana na shiga da shi ɗaki na kunna ja na kunna fari, toka tana nan toka. Sikan ɗin baban Hajiya dama ban goge ba. Na buga na sa a firem na kai mata har gida ba ta aiko ni ba. Ta karɓa bata ce komai ba, ta fita tsakar gida ta duba, ta shiga ɗaki ta ja labule ta kunna fitila ta duba, wato ita ma ta koyi gwajin, sannan ta fito tace "shi ne, Allah ya yi maka albarka ɗana." A makarantar matan da take zuwa ta ba da labari, daga nan aiki ya fara zuwa min daga Asawase, Tafo, Yalwa, har daga Ejura da Techiman ana ba direban mota ya kawo.

Kar ku ce daga nan an huta. Katirij takwas ne a cikinta ƙanana, sai an yi oda, in ɗaya ya ƙare duka aiki ya tsaya. Inkinta kuma figiment ne, garin kala a cikin ruwa ba rini ba, baya son zama, da dumso, wato ɗauke wuta, ya yi tsanani a 2015 ana kwana a wuni ba wuta, ga hunturu da bushewa da ƙura, sai ka kunna ka tarar kan da ke fesa inkin ya toshe, wankin kai kuma inki yake sha. A wannan lokacin ne na karanta aikin wasu 'yan Amurka, Jon Cone mai Piezography da Paul Roark, su cire kala suka yi gaba ɗaya daga firintar suka cika duk gidajen da baƙin kabon hawa-hawa, ana tuƙa ta da wata manhaja QuadToneRIP ta Roy Harrington. Na jawo tsohuwata mai tanki shida na wanke tiyo da kai tas, dan rini da figiment in suka haɗu suna daskarewa, na samo baƙin kabon na takarda mat, na riƙa tsinka shi da tataccen ruwa da gilisarin daga kemis da ɗan Photo-Flo na ɗaurayar fim da ya rage min tun na Masta, da sirinji nake awo. Gidan baƙi kabon tsantsa, gidan sayan kabon kashi 30 cikin ɗari, majenta 18, ƙananan biyu 9 da 6, gidan yalo kashi 2. Inji ba kala a cikinta ko ɗigo, kore ta ina zai fito.

Tana da nata halin. Kabon in an tsinka shi yana jan ɗumi, ɗan ruwan ƙasa-ƙasa, ba sanyi ba, ni kuma a fatar baƙin mutum wallahi ya fi min kyau, fuska tana yin rai. Baya kama takarda gilosi, ka shafa yatsa ya goge, sai mat, kuma mutanenmu suna son sheƙi, sai na ce musu gilashin firem zai ba ku sheƙin. Abin da ya fi shi ne baya kodewa da wuri. Hoton rini a bangon falo a Kumasi da danshinmu da hayaƙin gawayi, sayan ne ke fara guduwa hoton ya koma ja-ja, na sha shiga gida in ga tsohon aikina in ji kunya. Takarda ma na canza, waɗannan farare tas ɗin akwai sinadarin ƙara haske a jikinsu da ke sa su jan shuɗi a rana, bayan wani lokaci ya mutu takardar ta koma yalo, na fi son wadda farinta bai cika ƙarfi ba ko da ta fi tsada.

Yaran yanzu sun samu sauƙi, tun wajen 2021 akwai Epson L8180 mai tanki daga kamfani da gidan toka a ciki, tana ɗaukar har A3, duk wanda ya tambaye ni kuma aikin tsofaffin hotuna yake so ina ce masa ya ƙirga gidajen baƙi da toka kafin ya ƙirga kaloli. Mai kala shida da sayan mai haske da majenta mai haske ta biki ce, tana da kyau a nan, amma toka ba aikinta bane. Wani abu kuma da nake koya wa yarinyar da ke koyo a wajena yanzu, 'yar yayata ce, tsohon hoto a kala ake sikanin ɗinsa ba a gireskel ba, ɗigo 600 a inci ko sama in ƙarami ne, sannan a Photoshop ki duba canel ɗin ja, wato ɓangaren ja na hoton shi kaɗai, tabon yalo a can kusan baya fitowa, a canel ɗin shuɗi ne yake baƙi, rabin aikin gogewa ya tafi kenan tun kafin ki taɓa maus.

Abin da ke ɗan ɓata min rai kwanan nan shi ne af ɗin waya masu sa wa tsohon hoto kala. Saurayi zai zo da hoton kakansa an mayar da rigar shuɗiya an gyara hanci an sa masa haƙoran da ba nasa ba yace in buga. Ina bugawa in ya nace, kuɗinsa ne, amma ina tambayar sa waye ya faɗa wa wayar kalar rigar, kuma ka nuna wa kakarka ta ce mijinta ne? Wasu suna komawa su kawo na asalin. Dan Allah in za ku kawo, ainihin hoton za ku kawo ko ya yage, ba wanda aka ɗauka da waya ta cikin gilashi aka turo ta WhatsApp ba, kuma kar ku yi masa laminetin, zafi da gam in sun kama shi ba mai iya cirewa. Wanda ya manne da gilashin firem ma kar ku ɓamɓare, ku kawo shi da gilashin a haka nake sikanin.

Manyan saiz da suka wuce A3 har yanzu Ankara nake aikawa, New Town, dan ban da injin da zai ɗauka. Amma tsanina mai gida 21 nake fara tura musu su buga a takardar da za su yi aikin su ba mota ta kawo min, sai na gan shi a bakin ƙofata da bayan shago sannan in tura hoton in biya ta momo, kuɗin waya. Da farko suna ganin takura ce, yanzu in na kira shi mai injin da kansa yake cewa Alhaji an canza inki wannan satin, bari in buga maka tsanin tukuna.